Akwatin Ɗaukar Aksolotul: Sanyinsa Ya Burge Ni, Murfinsa Ya Ɓata Mini Rai

Na sayi wannan akwati ne saboda ƙaura ta kama ni, kuma saboda mai sayarwa ya rubuta ɓaro-ɓaro a tallarsa cewa domin aksolotul, wata dabbar ruwa da nake kiwo, aka ƙera shi. Farashinsa ba kuɗin da mutum zai fitar yana dariya ba ne. Abin da ya zo a cikin kwalin shi ne akwati mai kaurin bango da ke riƙe sanyi, da robobi biyu masu murfi, da famfon iska mai aiki da batir tare da tiyonsa, da jakunkunan sanyi da ake daskararwa, sai kuma takardar bayani mai shafi guda. Ganin farko na ce an gama mini komai.

Wanda bai taɓa kiwon wannan dabba ba zai yi mamakin yadda mutum zai kashe kuɗi haka domin tafiyar 'yan awoyi a mota. Aksolotul dangin kwaɗi ne, amma ba ya barin ruwa har ƙarshen rayuwarsa, kuma yana numfashi da rassa uku-uku masu laushi da suka fito a kowane gefe na bayan kansa. Asalinsa tafkin Sochimilko ne a kudancin birnin Meziko, wuri mai tudu da ya haura mita 2,200, saboda haka da ruwan sanyi jikinsa ya saba. Digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas shi ne abin da yake so, idan kuwa ruwa ya kai digiri 24 ya daɗe a haka, to, an shiga haɗari. Fatarsa ba ta da ɓawo, duk abin da ke cikin ruwa yana ratsa ta, kuma ba shi da fatar ido da zai rufe idan haske ya dame shi. Ko komar kamun kifi ba a son a sa masa, domin yatsunsa da rassan numfashinsa suna sarƙewa a cikinta. Dabba mai wannan rauni, wadda za ta iya rayuwa shekara 10 zuwa 15 a hannun mutum, ba a jefa ta a bokiti a ɗora a bayan mota.

Na yi abin da masu kiwo suka sani. Na daina ba aksolotul ɗina biyu, namiji da mace, abinci kwana biyu kafin tafiya domin kada su ɓata ruwan da kashi, na cika robobin da ruwan tankinsu maimakon sabon ruwa, na sa namijin a roba ɗaya, macen a ɗaya, tunda idan aka haɗa su a wuri mai ƙunci sukan ciji juna a ƙafa. Daga nan sai na bi takardar kamfanin ƙafa da ƙafa: a zura tiyo ta ramin da ke kan murfi, a kunna famfo, a bar shi a kunne har a isa.

Wannan rami shi ne tushen ɓacin raina. An huda shi da faɗin da ya zarce kaurin tiyon, ba a sa masa robar da za ta matse bakinsa ba, ba a kuma yi masa wani marfi ba. A kan tebur babu wanda zai lura, domin ruwa a kwance yake. A cikin mota kuwa, kowane birki da kowace kwana suna wurga ruwan sama, ruwan kuma ba ya rasa hanyar fita. Famfon yana da baki ɗaya ne tak, don haka robar macen kaɗai aka zura wa tiyo, robar namijin kuma na toshe raminta da kaina saboda ba ta buƙatarsa. Da muka tsaya a hanya na buɗe akwatin domin in duba zafin ruwa, sai na tarar da gindinsa ya zama kududdufi. Kusan rabin ruwan macen ya zube, bayanta yana waje, tana kwance a kusurwa ta lanƙwashe ƙarshen wutsiyarta, rassan numfashinta sun karkato gaba, waɗanda duk mai kiwo ya san alamun takura ne. Ɗaya daga cikin rassan ya yage a tsakiya. Ruwan da ya zube ya shiga gidan batir, tunda masu ƙirar sun ga dama sun ajiye aljihun famfon a ƙasa, famfon kuma ya mutu murus. Ban san tun yaushe take cikin wannan hali ba, kuma wannan rashin sanin shi ne ya fi ci mini rai.

Abin takaicin shi ne, da ba a sa famfon ba kwata-kwata, da babu abin da zai faru. Namijin da ba shi da tiyo ya isa lafiya lau, ruwansa cike. Aksolotul yana da huhu, yana iya tasowa ya haɗiyi iska idan ya so, yana kuma shaƙar oksijin ta fatarsa, sannan ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe oksijin. Tafiyar rabin yini a cikin ruwa mai sanyi ba ta buƙatar famfo. Bugu da ƙari, wannan famfo ba shi da abin rage ƙarfi, yana tafasa ruwan ƙaramar roba da kumfa ba ƙaƙƙautawa, alhali dabbar ta tafki ce mai kwanciyar ruwa, kuma an san cewa ruwa mai gudu yana wahalar da ita ko a cikin babban tanki. Ina da yaƙinin cewa kayan kifi suka ɗauko, suka canza hoton kwali, suka ƙara kuɗi. Da mai kiwon aksolotul ko guda ɗaya ya gwada wannan kaya a mota kafin a kai shi kasuwa, da ba a rubuta waccan takarda haka ba.

Allah Ya sa na riƙo jarkar ruwan tanki a mota, da ita na cika robar, na cire tiyon, na toshe ramin da leda da salatif, muka ci gaba. Na bar ɗan sarari tsakanin ruwa da murfi domin ta samu iska, amma ba mai yawan da zai sa ruwan ya riƙa buga ta da bango ba.

Na rubuta wa kamfanin tare da hotuna. Amsar da ta dawo mini ta fara da godiya bisa zaɓen kayansu, ta ce ana ba masu saye shawarar su ajiye akwatin a miƙe, ta ƙare da tayin rangwame idan zan sake sayen wani abu. A miƙe yake, da bel ɗin kujera na ɗaure shi. Ba su ce uffan a kan ramin ba, ba su kuma tambayi yadda dabbar take ba. Na sake rubutawa, aka sake aiko mini da wannan amsar ba tare da an canza ko wasali ba.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta: akwatin kansa ya yi aikin da ban zata ba. Ranar akwai zafi, mun kuma maƙale a cunkoso, rana tana dukan gefen motar. Na sa nawa ma'aunin zafin a cikin robar namijin, lokacin tashi yana nuna digiri 17, da muka isa sabon gida yana nuna 18. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. An raba aljihun jakunkunan sanyi da robobin ta hanyar wani shinge mai kauri, saboda haka sanyin yana shiga a hankali, ba ya dukan dabbar kai tsaye. Cikinsa duhu ne ƙirin, kuma robobin sun zauna daram a gurbinsu, ba sa zamewa. Da na huce a daren nan har na ce a raina, watakila na tsananta, domin da ruwan macen ya ragu a cikin akwati mai ɗumi, da labarin ya sha bamban. Amoniya, gubar da ke fitowa daga ƙazantar dabbar tana taruwa a cikin ɗan ruwa kaɗan, ta fi cutarwa idan ruwan ya yi ɗumi, kuma sanyin nan ne ya tsare ta daga wannan.

Sai dai washegari, ina haɗa tanki, na sake duba takardar bayaninsu, raina ya sake ɓaci. Babu kalma ɗaya a cikinta game da matatar ruwa. Ƙaura ba ta ƙarewa a ƙofar sabon gida. Sosan da ke cikin matata shi ne mazaunin ƙwayoyin bakteriya masu juya amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Idan sosan ya bushe a hanya, ko aka wanke shi da ruwan famfo mai kulorin, ƙwayoyin sun mutu, kuma sai an yi mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin tanki ya koma daidai. A tsawon wannan lokaci dole dabbar ta zauna a roba ana canza mata ruwa gaba ɗaya kullum. Ni na san wannan, na ɗauko sosona a jiƙe cikin ruwan tanki a wata roba tawa daban. To, sabon mai kiwo fa, wanda ya ga an rubuta "cikakkun kayan ƙaura" ya yarda? Akwai fili a cikin akwatin da zai ɗauki roba ta uku, amma ba su sa ba. Ba su ambaci hana abinci kafin tafiya ba, ba su ce a raba dabbobi ba, ba su gargaɗi kowa a kan ɗaga tankin gilashi da ruwa a ciki ba, alhali kowace lita kilo guda ce, kuma haka gindin tanki yake tsagewa. Duk takardar a kan famfo take, wato a kan abu ɗaya da ya kamata a bari a gida.

Macen ta ƙi cin abinci na ɗan lokaci, ta lafe a cikin maɓoyarta, ni kuma kullum ina leƙa reshen da ya yage ko farar funfuna za ta kama shi. Ba ta kama ba, alhamdu lillahi. Daga baya ta karɓi tana, kuma gashin reshen ya fara tohowa, abin da aka san wannan dabba da shi, har masana kimiyya suke nazarin yadda take mayar da ƙafa sukutum idan ta guntule. Amma ban biya kuɗi domin in gwada wannan baiwa tata ba, kuma ba na so kamfanin ya ɗauki warkewarta a matsayin shaidar cewa kayansa ba su da laifi.

Akwatin zan ci gaba da amfani da shi, ko don zuwa wurin likitan dabbobi. Famfon na jefar. Wanda ya riga ya saya, ya toshe ramukan murfin tun a gida, ya cika robobin da ruwa ba tare da dabba a ciki ba, ya girgiza su sosai ya ga ko za su zubar. Wanda bai saya ba tukuna, kula mai kyau da robobin abinci biyu masu murfi mai maƙalewa za su yi masa kusan duk abin da wannan ya yi, a kuɗin da bai kai nasa ba. Na nemi a mayar mini da kuɗin famfon kaɗai, har yanzu ina jiran amsa.