Medicare bayan barin Amurka: me ya sa har yanzu nake biyan Part B

Dala 185 aka riƙa zare min kowane wata a 2025 daga fanshona na Social Security, wato fanshon gwamnatin Amurka, saboda Part B na Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi. Tun da na bar Amurka na koma zama a wata ƙasa, ko ƙwayar magani ɗaya inshorar ba ta biya min ba. Haka dokarta take, ba ta bin mutum ƙetare sai a wasu 'yan lokuta ƙalilan. Likitan da ke duba hawan jinina a nan, wata inshora dabam da na saya ce ke sallamarsa. Katin Medicare kuwa yana nan cikin jakar fasfo, ko lanƙwasa bai yi ba.

Part A, wato ɓangaren kwanciya asibiti, ba abin damuwa ba ne. Wanda ya yi aikin shekara 10 yana biyan harajin Medicare kyauta yake samunsa, sai ya bar abinsa. Part D na magunguna kuma sai mazaunin Amurka. Rigimar duk tana kan Part B, mai biyan kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje.

Na zauna da biro na yi lissafi. A farashin 2025, dala 2,220 ke tafiya a shekara. Idan na daina biya sannan na dawo, akwai tara: ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan kowace cikakkiyar shekara da na yi babu inshorar, kuma ƙarin yana bin mutum har ƙarshen rayuwa. A ce na yi shekara 5, kashi 50 ke nan, wato dala 92.50 a wata bisa wannan farashin. Amma a shekarun nan na adana dala 11,100. Kafin tarar ta cinye wannan kuɗi sai an yi shekara 10. To, ga mai shekara 70 da ɗoriya, wallahi tarar da ake ta razana mutane da ita ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, ko da yake farashin kan hau kusan kowace shekara, tarar ma ta hau tare da shi.

Abin da ya hana ni cike takardar CMS-1763, wadda ake fita da ita, shi ne jira. Wanda ya fita ba ya komawa ranar da ya ga dama. Ƙofar tana buɗewa ne daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris, inshorar ta fara aiki a watan da ke biye. Allah ya kiyaye, a ce a Afrilu aka gano cutar daji: sai Fabrairu mai zuwa. Ciwo ba ya duba kalanda, kuɗin likita a Amurka kuma ba na ɗan fansho ba ne. 'Ya'yana suna can, na san in jiki ya yi tsanani jirgi za su saka ni, ko ina so ko ba na so.

Saboda haka ina biya, ina ƙunƙuni. A matsayin inshorar mai zama ƙetare, ba ta tsinana min komai ba. Wanda ya tabbata ya bar Amurka har abada, ga asibitin da ya yarda da shi a inda yake, ba ni da hujjar ce masa ya ci gaba da zuba wannan kuɗi kowace shekara.