Horon kodin da binciken fizik na dogon hutu a Garwa: yadda na same shi

A dogon hutun bana na shiga horon da aka shirya wa malaman sakandare a nan Garwa ta Kamaru kan rubuta manhajar kwamfuta. An haɗa shi da binciken fizik na ɗaliban lise, wato babbar sakandare: da safe mu malamai mu koyi Python, wani harshen rubuta manhaja, da yamma mu shiga cikin yara mu yi aiki da abin da muka koya. Saboda wannan haɗin nake ba abokan aikina shawara su shiga.

Gwajin da ya fi burge ni bai ci kuɗi ba. Noti aka ɗaura a zare mai tsawon mita 1, aka sake shi yana lilo, yara na ƙirga zuwa da dawowa da agogon waya. Kowane zagaye kusan daƙiƙa 2. Sun yi ta musu cewa noti mai nauyi zai fi sauri, aka sauya, lokacin bai canza ba. Sai da suka rage tsawon zaren suka ga bambanci. Da 'yan layukan Python suka fitar da ƙarfin jan ƙasa, ya zo kusa da 9.8 da muke rubuta musu a allo shekara da shekaru. Amsar wani rukuni ta yi ƙasa da haka, wata yarinya 'yar ajin ƙarshe ta gano sun auna zaren ne zuwa saman notin maimakon tsakiyarsa. Wallahi na ji daɗin wannan gyaran fiye da amsar da ta fito daidai.

An kuma nuna mana phyphox, manhajar kyauta daga jami'ar Aachen ta Jamus, wadda ke mai da waya abin auna motsi da sauti, ba ta kuma buƙatar intanet. Ga makarantar da ɗakin gwajinta ba kaya, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Akwai inda ban gamsu ba. An daɗe a kan Scratch, wani harshen kodin wanda jami'ar MIT ta Amurka ta ƙera domin ƙananan yara, alhali Python muka zo nema. In lissafi ya ƙi, saƙon kuskure da Ingilishi yake fitowa, mu kuwa yawancinmu da Faransanci muka yi karatu, mai koyarwar kuma ba ya tsayawa ya fassara. Kwamfutoci sun yi kaɗan, in aka ɗauke wuta aiki ya tsaya cak. Abin da ya fi damuna, ba a tsara yadda za a bibiye mu ba bayan an koma makaranta a Satumba.

Wanda zai je baɗi ya tafi da kwamfutarsa in yana da ita, ya sauke Python a cikinta da phyphox a waya tun daga gida, don intanet ɗin wurin ba abin dogaro ba ne.