Mazaunin EQ ko akwatin Dobson: wanne ya dace da kai?

Malam, ka ce kuɗin hannunka za su iya sayen ɗaya cikin biyu: madubin hangen taurari mai faɗin milimita 130 a kan mazaunin EQ (gajeren equatorial, wato mazaunin da ke bin juyawar sama), mai ƙafa uku da sanda da ƙarfen nauyi, ko kuwa mai faɗin milimita 200 a kan akwatin katako irin na Dobson. Ka kuma ce burinka ku riƙa kallon wata da Zuhal (duniyar Saturn) kai da yaran gida, hoto kuma sai nan gaba idan hali ya yi. Ni dai Dobson zan ce ka ɗauka. Amma tunda na ga ranka ya fi kwantawa da EQ, bari in nuna maka abin da ke jiranka.

Duniya tana juyawa, don haka sama tana gusawa yamma da kusan digiri 15 a kowace awa. Idan ka girmama Mushtari (duniyar Jupiter) ninki 200 da gilashin leƙawa na yau da kullum, wato ɗan gilashin da ake sa wa ido, cikin kamar minti ɗaya zai ratsa ya fice daga idonka. Mai Dobson sai ya riƙa turo bututun da hannu, kaɗan gefe, kaɗan sama. Mai EQ kuwa gaɓa ɗaya kawai zai murɗa, wadda aka rubuta wa RA, domin an kwantar da ita daidai da yadda duniya ke juyawa. Idan an sa mata ƙaramin inji, ita za ta bi tauraron da kanta. Wannan tsari tsoho ne, Joseph von Fraunhofer ya yi amfani da shi a babban madubin da ya ƙera wa Dorpat a 1824, garin da yanzu ake kira Tartu a Estoniya. Shi kuwa John Dobson a San Faransisko ya yaɗa nasa cikin shekarun 1960, da katako da tarkace masu araha, don mutanen da ke wucewa a titi su samu su leƙa.

Haɗa Dobson ba wani aiki ba ne. Ka ajiye akwati a ƙasa, ka ɗora bututu, shi ke nan.

EQ kuwa yana da ƙa'ida, kuma wanda ya tsallake ta zai ji a aljihunsa. Da farko ka kafa ƙafafun nan uku su zauna daram, ka fuskantar da kan mazaunin arewa, ka ɗaure sandar nauyi tana kallon ƙasa. Ƙarfen nauyi ne ke fara hawa, ba bututu ba. Idan bututu ya riga shi, makulli ya ɗan saki, sai ya wuntsila ya daki ƙafa. Akwai ɗan noti a ƙarshen sandar, kada ka manta ka mayar da shi, shi ne ke tare ƙarfe mai kilo uku ko biyar kada ya sulluɓe ya sauka a yatsunka. Wajen kwancewa kuma bututu ne ke fara sauka.

Daga nan sai daidaita nauyi. Kafin ka fara, ka sa duk abin da za ka yi aiki da shi a daren: gilashin leƙawa, ƙaramin madubin saiti, waya ko kyamara in akwai, ka kuma cire murfin baki. Ka riƙe bututu da hannu ɗaya, ka saki makullin RA, ka juya har sandar ta kwanta a miƙe, bututu a gefe guda, ƙarfe a ɗaya gefen, kamar sandar ɗan garuwa da garwa biyu. Ka ɗan sassauta hannu, ba sakewa gaba ɗaya ba. Idan bututu ya rinjaya, ka tura ƙarfen waje. Idan ƙarfen ya rinjaya, ka jawo shi ciki, har sai ya tsaya duk inda ka bar shi. Sai ka kulle RA a haka, ka saki makulli na biyu, na ɗaya gaɓar da aka rubuta wa Dec, ka kwantar da bututun. Bakinsa ya sunkuya? Sassauta zobban da ke riƙe da shi, ka ja shi baya kaɗan. Mutane da yawa a gaɓar farko suke tsayawa, daga baya su yi ta zargin inji, alhali haƙoran giya ne ke shan wahalar da ba tasu ba.

Akwai kuma abin da takardar cikin kwali ba za ta damu ta gaya maka ba, domin don mutanen Turai da Amurka aka rubuta ta. Gaɓar RA dole ta kalli Tauraron Arewa, shi kuwa tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan garinku daga ikwaita. A Landan ya haura digiri 51. A Kano kusan 12 ne, Sakkwato 13, Damagaram ya kusa 14, Akara ko 6 bai kai ba. Wato katangar maƙwabci ko bishiyar darbejiya ta isa ta ɓoye shi, hazon hunturu kuma ya ƙarasa. Don kallon ido ba sai ka gan shi ba, kamfas ɗin waya da ma'aunin digiri da ke jikin mazaunin sun wadatar. Babbar matsalar ita ce idan kan ya kwanta ƙasa haka, ƙarfen nauyi yakan bugi ƙafar da ke arewa. Wasu mazaunan suna barin ka juya kan yadda sandar za ta faɗa tsakanin ƙafa biyu, wasu sai an ƙara musu wani wuyan ƙarfe da zai ɗaga kan sama. Ka tambayi mai sayarwa iyakar digirin da mazaunin ke sauka kafin ka biya.

Kada ka ce na wanke Dobson tas. Shi ma yakan sunkuya idan gilashin leƙawa ya yi nauyi, maganinsa ɗan maganaɗisu a gindin bututu, in na ƙarfe ne. Kuma yana da taurin kai idan ya kalli tsakiyar sama, inda a ƙasashenmu wata da Mushtari kan bi sau da yawa. Sai ka jira su ɗan karkata. Hoton da ke buƙatar a bar kyamara a buɗe na mintoci ba nasa ba ne, taurari za su ja layi.

Sai dai ƙaramin EQ da ake haɗawa da milimita 130 shi ma ba zai ba ka wannan hoton ba, siriri ne, ko taɓa shi ka yi sai hoto ya yi ta rawa. Gilashin leƙawarsa kuma yakan koma ƙarƙashin bututu idan ka sauya ɓangaren sama, sai ka sake sassauta zobba ka murɗa. Milimita 200 kuwa tana tara haske fiye da ninki biyu na 130, kuma yaro ɗan firamare zai iya tura ta da kansa ya samo wata. Hoton wata da waya a bakin gilashi, Dobson zai yi maka shi tun daren farko. Idan son hoton taurari ya kama ka da gaske, lokacin sai ka tara kuɗin EQ mai ƙwari da inji, wanda nauyin kayanka ba zai wuce rabi ko biyu bisa uku na abin da aka ce yana ɗauka ba.

Ko wanne ka saya, ka ja wa yaran kunne kada su taɓa juya shi wajen rana, ƙiftawa ɗaya ta isa ta ƙona ido.