Kafin ku saya wa yarinya littafi kan ciwon ƙin cin abinci

Littattafan matasa kan wannan ciwo yawancinsu daga Amurka suke fitowa, da Turanci. Uku aka fi kawo mini tambaya a kansu, kuma kowanne akwai rasuwa a cikinsa.

Ni dai Paperweight na Meg Haston, wanda ya fito a 2015, shi nake cewa a saya. Stevie, 'yar shekara 17, an kai ta cibiyar jinya a hamadar New Mexico ba da son ranta ba, tana ɗauke da laifin mutuwar ɗan'uwanta Josh. Abin da ya sa na fifita shi, jinyar ce ta cika littafin: zaman cin abinci ana sa ido, gardama da mai ba ta shawara, taurin kai, sannan sauƙi a hankali. Yarinya za ta ga cewa ciwon yana da magani, kuma ba iskanci ko tsirfa ba ne kamar yadda wasu iyaye ke ɗauka. Amma akwai tunanin kashe kai a ciki tun daga farko, don haka uwa ko yaya ta fara karantawa.

Perfect na Natasha Friend, na 2004, ya dace da 'yar shekara 13, sai dai ya yi sauƙi ga babbar budurwa. Wintergirls na Laurie Halse Anderson, na 2009, ya fi suna, amma lissafin kalori, wato awon ƙarfin da abinci ke ba jiki, ya yi yawa a shafukansa; wadda ke cikin ciwon tana iya kwaikwayonsa. Ba na cewa a saye shi.

Sai batun jabu, wanda shi ya fi ci mini rai. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa turo mini kwafi, bango fes, ciki kuwa hoto ne aka ɗauka da na'ura: rubutu ya dushe, gam ya saki, babin ƙarshe babu shi. A irin wannan labari, ƙarshen nan ne maganin! Ku ce a nuno muku bidiyon cikin littafin, da shafin ƙarshe, da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, kafin ku tura kuɗi. Masu tallan PDF a Telegram da WhatsApp kuma, wani a karɓi kuɗi a toshe lamba, wani a turo taƙaitawa da sunan cikakken littafi. Tsohon kwafi na asali, ko da gefensa ya lanƙwashe, ya fi mini sabon jabu.