Kafin ka sayi boris ɗin taya

Boris ɗin taya, wato zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ba ya mutuwa dare ɗaya, sai ya yi ta kuka tukuna. Na fara jin nawa ne a hanyar Gombe zuwa Bauchi, bayan an wuce Alkaleri: wani gurnani ƙasa-ƙasa, ina ƙara wuta yana ƙaruwa. Na mai da giya firi, bai daina ba, na san ba inji ba ne. Idan ka karkata sitiyari hagu ƙarar ta ƙaru, galibi na dama ne, don a kansa nauyin mota ya koma. Kukan taya mai cin gefe kuwa yana sauyawa ne da irin kwalta. Ƙas-ƙas a kwana, wannan ba boris ba ne, shaf ne, wato sandar da ke juya taya.

A gareji a ɗaga motar a jak, bakanike ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sannan ya juya ta, kai kuma ka ɗora hannu a kan sifirin. In boris ya ci, za ka ji karkarwar a tafin hannunka.

Sai zancen saye. Mai shago zai tambaye ka, "Alhaji, sabo ko ɗan Beljiyam?" Sabon ma iri biyu ne. Akwai na asali irin Koyo, NSK da NTN na Japan, ko SKF na Suwidin, akwai kuma mai araha da kan zo cikin kwalin waɗannan sunaye. Dubi lambar da ke jikin ƙarfen, ta dace da ta tsohon naka, rubutun ya fita tsaf. Mai arahar ban ba kowa shawararsa ba, ran iyalinka ne a kan tayar nan.

Ɗan Beljiyam yana da daraja in ya zo ɗaure cikin hob ɗinsa, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, ya juya sumul ba gargada. Wanda aka fitar da guduma, bar musu abinsu.

Ni dai na asali nake zaɓa, amma da sharaɗi. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, na baya hob ne sukutum da ake ɗaurewa da noti, na gaba kuwa sai an danna shi da injin matsi. Guduma tana ɓata boris tun bai hau hanya ba. Ka tambayi bakanikenka ko yana da injin kafin ka biya kuɗin kaya, in babu, a kai inda yake.