Kan sarki mai araha da na saya a intanet ya ja min kunya

Tauraro biyu cikin biyar zan ba mai sayar da kan sarkin nan, shi ma don akwai abin da ya tsira a ciki ne.

Katin sunan 'yata zan tura wa dangi, mutum 14, ni kuma na ga a nan Ingila kan sarkin fas kilas, wato na wasiƙa mai saurin isa, ya kai fam 1.70, abin da a 2022 kwabo 95 ne, sai na ce bari in duba intanet ko Allah zai sa a dace. Na ga wani yana sayar da guda 50 kusan rabin kuɗi, ya rubuta wai sababbi ne ba a taɓa amfani da su ba. To wannan dai bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne yawancinsu tsofaffin nan ne masu kan Sarauniya Elizabeth zalla, babu ɗan zanen lambar nan da ake duba wa da na'ura a gefe, irinsu kuwa tun 31 ga Yulin 2023 aka daina karɓa a Ingila. Ni ina na sani? Na ga an rubuta 1st, na liƙa a ambulan, na jefa a jan akwatin bakin layinmu, na koma gida hankalina kwance.

Bayan kwana biyar gwaggon maigidana da ke Lesta ta bugo. Bayan mun gaisa ta ce, "'Yar nan, wata takarda aka jefo min wai sai na biya kafin a ba ni wasiƙa, na biya na karɓo ashe katinki ne." Tana dariya take faɗa amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwa ka gayyace ta suna kuma ka sa ta biyan tara! Na ce Gwaggo ki yi haƙuri ki turo min in maida miki, ta ce kar ma in soma. Mutum tara haka ta faru da su, biyu ma ba su je sun karɓa ba sai a WhatsApp suka ji labarin sunan.

Biyar ɗin da suka isa lafiya su ne na liƙa wa masu hoto, don a cikin kunshin akwai 'yan kaɗan na tunawa da cikar Sarauniya shekara 70 a kan gado, na 2022. Ashe masu hoto da na Kirsimeti har yanzu suna aiki ko ba lambar. Kuma gaskiya suna da kyau, ɗaya ma na hana kaina amfani da shi na ajiye wa yarinyar. Ga abin mamaki, babu sunan ƙasa a jiki sai ɗan kan mai sarauta, a nan na gane inda mu Hausawa muka samo sunan kan sarki.

Wata maƙwabciyata ce ta nuna min fom ɗin musanya na gidan waya, Swap Out, na cike na tura ragowar kyauta, aka dawo min da sababbi masu kan Sarki Charles, fas kilas a madadin fas kilas. Idan aka yi lissafi ma kamar riba na ci, har na fara tunanin in ƙara masa tauraro.

Amma a'a. Sau uku ina tura masa saƙo, na farko ya amsa da cewa ai ya sa hoto kowa ya gani, sauran biyun ko kallo. Layi ɗaya kawai zai rubuta cewa sai an musanya su. Har yau in muka haɗu da Gwaggo sai ta tambaye ni ko akwai wata wasiƙar da za ta tanadi kuɗinta.