Kwale-kwalen roba mai hurawa: jirgin ya yi, jakar da aka haɗa masa ta cuce ni

Kwale-kwalen roba mai hurawa da na saya a wani shago a Abuja ya zo ne a ƙunshi guda: jirgin kansa mai ɗaukar mutum huɗu, filafilai biyu, famfon hannu, ɗan kwalin kayan faci, da wata jaka da mai shagon ya tabbatar mini cewa ruwa ba ya shiga cikinta. A kan jakar nan ce maganata za ta fi tsawo, amma adalci ya sa dole in fara da jirgin, domin shi bai ci amanata ba.

Ina shiga da shi ne tafkunan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos, musamman ta wajen Rayfield, inda nake kamun kifi da ƙugiya, ina kuma ɗaukar hotunan tsuntsayen ruwa. Duk wanda ya san waɗannan ramuka ya san ba su da gaɓa mai sauƙi, domin taku biyu daga baki ƙasa ta ƙare, ruwan kuma da sanyi ko da rana tsaka. Saboda haka abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne an raba jirgin gida uku na iska, kowanne da bawul ɗinsa, ta yadda in ɗaya ya huje sauran za su riƙe mutum har ya kai baki. Rigar kariya daga nitsewa kuwa babu ita a ƙunshin, sai da na saya daban, kuma ban ga dalilin da zai sa a sayar wa mutum jirgi ba tare da ita ba.

Babban raunin jirgin shi ne ƙasansa, wanda iska ce kawai a ciki, in ka miƙe tsaye sai ya lotsa ya nemi kayar da kai. Na zana siffar cikinsa a kan babban kwali, na kai wa wani kafinta a Kasuwar Katako, ya yanka mini filawud mai kaurin milimita 12 gida biyu domin ya shiga but ɗin mota. Da ya gama gogewa sai ya ce, "Malam, in ka bar kusurwa ɗaya mai kaifi, ita za ta cinye robar nan kafin damina ta fita." Shi ya ba da shawarar a tsaga tiyon ban ruwa a tsaye a lulluɓe gefen katakon da shi, bayan an shafa masa fentin mai sau biyu har cikin bakin yanka, inda filawud ke fara shan ruwa ya kumbura. Ana sa katakon ne tun jirgin bai cika da iska ba, sannan a ƙarasa hurawa ya matse shi ta kowane gefe. Tun daga nan nake tsayawa in jefa ƙugiya ba tare da fargaba ba, na kuma ɗaure guntun bututun ruwa a jikin mazauni ya zama wurin soke sandar kamun kifi.

Gam ɗin da ke cikin kwalin facin a bushe na same shi. Kada kowa ya ɗauki jirgin PVC, wato irin robar da aka yi nawa da ita, ya kai wa mai facin taya, domin sholisho na robar taya ne, a nan zai kama na kwana biyu ya ɓanɓare. Gam na PVC ake nema, a goge wurin tas, a shafa sirara a ɓangarorin biyu, a danne da gindin cokali daga tsakiya zuwa gefe, a bar shi aƙalla awa 24 kafin a hura. Iskar hunturu busasshiya ta fi dacewa da wannan aiki fiye da danshin watan Agusta. Masu ɗaure jirgi a kan mota a hure su taho da shi daga Abuja kuma su sani cewa Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma kafin a gama Hawan Kibo, wato hawan dutsen da ke hanyar Jos, matsin iskar cikin jirgin ya ƙaru da kimanin psi 1 (ma'aunin matsin iska, irin na taya), ga zafin rana a kai. Wannan ya isa ya buɗe ɗinkin jirgi mai sauƙin kuɗi irin nawa. A sace iskar, a naɗe shi, a hura a bakin ruwa.

Yanzu ga jakar. Na tambayi mai shagon ƙarara, tun kafin in biya, ko zan iya sa kwamfuta da ma'ajiyar hotunana a ciki, domin ba na barin irin waɗannan kaya a mota a bakin tafkin da babu mai tsaro. Ya ɗaga ta sama ya ce ko a ƙarƙashin ruwa ta kwana ba abin da zai samu kayana. Ranar da abin ya faru, hadari ya taso da la'asar, iska ta riƙa watsa ruwa cikin jirgin har ya kwanta a kan katakon kamar tsawon ɗan yatsa, jakar tana kwance a ciki, bakinta a naɗe ninki uku an ɗaure, yadda ake yi wa kowace irinta. Da na fito na buɗe ta, hannuna ya fara cin karo da rigar sanyin da na naɗe kwamfutar da ita, sharkaf. Ma'ajiyar bayanan, wadda irin mai faifai ce mai juyawa a ciki, tana can ƙasa, ruwa na ɗiga daga ramin da ake soka waya. Da na juya jakar ciki waje sai na ga abin da ya faru: gindinta da zare aka ɗinka shi, aka manna wani siririn tef a kai, tef ɗin kuma ya riga ya ɗaga a kusurwa biyu. Jakar kirki da zafi ake narka robarta a haɗe, babu hujin allura ko ɗaya.

Kwamfutar ta tsira, domin ban kunna ta ba, mai gyara ya buɗe ta ya cire batir ya busar da ita. Ma'ajiyar ce ta tafi. An ceto wani ɓangare na hotunan, amma na dukan hunturun da ya wuce, har da na wasu agwagin ruwa da na daɗe ina fakonsu da asuba, ba su dawo ba, kuma ba abu ba ne da kuɗi ke mayarwa. Na kira mai shagon na yi masa bayani cikin mutunci, sai ya ce, "Haba Alhaji, ai jakar ta ruwan sama ce, ba ta shiga kogi ba." Na tuna masa abin da ya faɗa da bakinsa, ya ce yaron shago ne ya faɗa. Daga nan bai ƙara ɗaga wayata ba.

Wannan ne ya sa na koma na dubi sauran kayan da wani ido, kuma gaskiya yabon da na fara da shi sai na rage. Filafilan sirara ne, ɗaya ya fara lanƙwasa a mahaɗa. Famfon yana yoyon iska ta gefen tiyonsa. Gam a bushe, jaka ta bogi, babu rigar kariya. In aka cire jirgin, duk abin da aka haɗa masa domin a ƙara farashi tarkace ne, kuma jirgin ma sai da na kashe masa kuɗin katako da fenti da gam kafin ya zama abin da nake so.

Yanzu hotunana suna kan SSD, wadda ba ta da faifai mai motsi kuma ta fi jure girgizar hanya, tana zaune a cikin ƙaramin akwatin roba mai lamba IP67, wato wanda aka gwada shi a zurfin mita 1 na minti 30, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kwafi na biyu yana gida, ba ya zuwa bakin ruwa. Duk jakar da zan saya kuma sai na cusa mata takarda, na naɗe bakinta, na danna ta a bahon wanki na awa guda kafin in yarda da ita.

Wanda ke son jirgin ya saye shi shi kaɗai, ya ƙi ƙunshin, ya nemi filafili da famfo da jaka a wani wuri. Ni dai wancan shago ba zai sake ganin kuɗina ba, kuma abokai biyu da suka nemi in kwatanta musu shi na gaya musu dalilin da ya sa ba zan yi ba.